Gero da Farin Taki

Shekarar da 'yan bindiga suka kashe mai gidana a gona, Allah ya jiƙansa, muka baro ƙauyenmu na wajen Birnin Tsaba muka nufi Ƙaura. Ni ce da matar ɗana da 'ya'yanta ƙanana. Ɗan nawa yana kudu wurin nema. Abin da muka iya ɗaukowa buhun gero ne, da buhun farin takin zamani da marigayin ya saya bai kai ga zubawa ba. An ce in bar takin, na ƙi. Hannunsa ne ya ɗaure bakin buhun.

Motar shanu muka samu, irin wadda ake shimfiɗa wa rairayi a ƙasa don kada dabbobi su zame. Direba na gudu saboda tsoron hanya, wani ƙarfe ya farke buhunan duka biyu. Da muka sauka, gero da taki da rairayi sun zama abu guda. Na durƙusa na share shi kaf, ina kuka, na zuba a zane.

Wata 'yar ƙanwar mai gidana ta ba mu ɗaki. Ita ma gidanta cike yake da waɗanda suka gudo, tukunyarta ba ta isar kowa. Geron nan shi kaɗai ne abincinmu.

Da safe na shiƙe shi a iska, ƙaiƙayi da ɓurɓushin ciyawa suka tafi. Na sa rariya, rairayi ya zube. Takin kuwa ya ƙi. Girmansa ɗaya da ƙwayar gero, nauyin ma kusan ɗaya, ko a faifai tare suke tsalle. Muka zauna tsinta da hannu, har hantsi ya yi ba mu cika ludayi ba.

Matar ɗana ta ce, "Inna, ki bar shi. Kin manta awakin maƙwabta da sunka lashi takin ga? Kahin la'asar cikinsu ya kumbura, duk sun mace."

Na ce, "In bar shi yara su ci mi?"

Ni ma na ga awakin da idona.

Ina juya abin a tafin hannu, gumi ya jiƙa shi, sai na ga fararen ƙwayoyin suna narkewa, geron yana nan. Na jawo guga a rijiya, na zuba wa geron a babbar ƙwarya. Da na sa hannu na ji ruwan ya ɗauki wani irin sanyi, har gindin ƙwaryar ya yi raɓa. Sanyin nan ya fi komai ba ni tsoro. Ban taɓa jin abinci ya yi haka ba.

Na tsiyaye ruwan a rami, na rufe da ƙasa saboda dabbobin gidan. Na sake zubawa, na sake tsiyayewa. Kowane ruwa sai na ɗanɗana da bakin harshe. Na fari ɗaci da gishiri-gishiri. A hankali ɗacin ya ja baya, sanyin ma ya daina zuwa. Sannan na rege tsakuwar da ta kwanta a ƙasa, na shanya. Amma abin da ido ba ya gani, wa zai ce ya fita daga cikin ƙwaya?

Aka surfa, aka daka, na dama kunu. Yara suka kewaye ni da kofunansu. Na ce kowa ya ja baya.

"Inna, ni zan fara sha," in ji matar ɗana.

"Ke da ke shayarwa? Zamna can. In ya kashe, tsohuwa ya kashe."

Na yi bismilla na shanye ludayi biyu, na zauna a inuwar katanga ina sauraron cikina. Kowane motsi na hanji sai in ce ga shi nan ya zo. Na yi ta kalmar shahada. Ƙaramin cikin yaran ya yi kuka har muryarsa ta dishe, uwarsa na riƙe da shi tana kallon bakina ko za ta ga kumfa. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Na tashi na yi alwala, ƙafafuna suka ɗauke ni.

Kunun ya huce, ya yi kauri. Na sirka shi da ruwan zafi na zuba musu. Suna sha, hannuna yana kan cikin ƙaramin, ban ɗauke ba har ya yi barci.