Man Tarakta a Giyar Motar Yayana

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan gareji a Karaye, na taɓa kashe giyar motar yayana da hannuna. Aikina a lokacin gyaran tarakta ne da bas-bas ɗin da ke jigilar Kano, kuma kaina ya kumbura sosai. Gani nake babu ƙarfen da zai gagare ni.

Yayana a Fatakwal yake aiki. Da babbar Salla ya iso gida da wata motar gudu mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. A hanyar Rogo ta fara yi masa gardama. Sai ya taka, injin ya yi ta ihu, amma giya ba ta shiga sai ta ga dama. Da hutunsa ya ƙare, ya miƙo min makulli.

"Ka duba min ita. Bayan cirar gyaɗa zan dawo in ɗauka, in yi wa Inna kwana biyu."

"Yaya, wannan ai aikin yini ɗaya ne," in ji ni.

Washegari na shiga ƙarƙashinta na kwance man giya. Sai ga shi ja, tsararo kamar zoɓo. Na yi tsaki, na ce ga ciwon nan, wace giya ce za ta yi aiki da ruwa? Na ɗura mata mai kaurin nan da muke zuba wa tarakta. Ban san cewa giya mai canja kanta da wannan jan man take rayuwa ba, shi ke bi ta ƙananan hanyoyi ya tura komai. Na fita gwaji, ko kasuwa ban wuce ba ta tsaya cak, kuma ranar kasuwar ke ci. Da tarakta aka jawo ni, ina zaune a ciki riƙe da sitiyari, ina amsa gaisuwar mutane kamar ba abin da ya faru.

Na sauke giyabos ɗin, wato akwatin giyar, na shimfiɗa tabarma a cikin shago, na jera kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya yadda na ciro su, don kada in manta wanne ke bin wanne. Faya-fayan ciki duk sun ƙone. Na ɗebi wasu na kai wa wani tsohon bakanike a Kano. Ya shinshina, ya dube ni.

"Wane marar imani ne ya yi mata wannan?"

"Wani ne a garinmu, Baba."

Ya ce jan da aka yi wa motar da tarakta ma ya ƙara lalata giyar, kuma kayan sai an aiko daga Legas.

Aka cire gyaɗa. Yayana ya bugo waya ya ce yana shirin tahowa. Na dubi tabarmar nan, kunya ta rufe ni. Shi ya kai ni koyon aikin nan, shi ke yabona a gaban abokansa.

"Yaya, ka ɗan jinkirta. Saura kaɗan, so nake ka tarar da ita garau."

"To, ba damuwa. Ka yi a hankali."

Sau uku ina ɗaga masa tafiya da wannan maganar.

Mahaifiyata tana Gwangwan, duk Juma'a nakan hau babur in je gaishe ta. Yayana ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma tambayar yaushe zai zo. Sai mun gama gaisawa, ta tambayi iyalina da aiki, sannan ta kawar da kai ta ce, "Motar nan kuwa ta tashi?" Ni kuma in ce saura kaɗan, Inna. Na san sarai ba mota take tambaya ba, amma na bar ta a haka.

Kayan suka iso, tsohon nan ya nuna min yadda ake wanke hanyoyin mai, na harhaɗa komai, na zuba jan man da na raina. Ta tashi, giya na shiga sumul. Na buga wa yayana waya cike da murna, sai matarsa ta ɗauka ta ce yana asibiti, zazzaɓi ne. Kwana huɗu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. A can aka binne shi.

Na yi wata biyu ban iya haɗa ido da mahaifiyata ba. Wata Juma'a na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na faɗa mata komai, man taraktan da ƙaryar da na yi ta yi.

"Inna, ni na hana shi zuwa. Ki yafe min."

Ba ta daina ɓarar ba. Ta ce, "Ai ya sani. Tun ranar da aka jawo ka a kasuwa labari ya kai masa. Da muka yi waya cewa ya yi, 'Inna, ƙyale shi ya gama. In na zo yanzu zai ji kunya, kuma yaron yana da zuciya.'" Sai ta goge ido da bakin mayafinta. "Kwanansa ne ya ƙare. Tashi ka zauna."

Tun daga lokacin, in aka kawo min abin da ban sani ba, nakan ce ban sani ba, in na ɓata kuma in faɗa ranar da na ɓata. Amma wannan koyon bai rage min kewar yayana ba. Na ɗauka ni ke ɓoye masa laifina, ashe shi ke zaune a can yana rufa min asiri, har ya haƙura da ganin mahaifiyarsa saboda ni. Yanzu na girme shi da shekaru, kuma har yau ban samu na ce masa na gode ba. Allah ya jiƙanka, Yaya.