Tukwanen Abdulaye Masu Yoyo

Abdulaye mutumin Tawa ne, amma shekararsa talatin a kasuwar Katako ta Yamai yana narka gwangwani yana zuba tukwane. Kowace tukunya tana fitowa da sunansa a gefenta, don tun a ƙasar zubi yake buga shi. Wadda ta yi huji kuwa bayan rumfa ake jefa ta, a sake narkarwa. Da a ce tukunyar Abdulaye ta yi yoyo a gidan biki, gara a ce rumfarsa ta ƙone.

Sai ga wata Bafaranshiya, Madam Odil. Ita sana'arta, wai ta jera kayan gida a ɗaki mutane su zo kallo. Ya baje mata tukwane masu ƙyalli, ko kallo ba su ishe ta ba. Ta zaga baya, ta tsugunna kan tarin masu huji tana ta murna kamar ta tsinci zinariya. Goma sha biyu take so. Za ta rataye su ta cika da ruwa, su yi ta ɗiga a gaban jama'a.

Sunansa a jikin tukunya mai yoyo, manyan Yamai suna kallo? Ya ce ya yarda, amma sai ya kankare sunan. Ta roƙe shi, ya kafe. Wuni guda ya yi da magagari, sai da wurin ya yi sumul.

Ranar buɗe ɗakin kallon, matarsa Yelwa ta ce, "Malam, ai ka je ka ga abin kunyarka." Ya sa babbar riga, suka tafi da niyyar laɓewa a baya.

Ina wani laɓewa! Tukwane na rataye, a ƙarƙashin kowace an ajiye kwano, ruwa na ɗiga. Wannan ta ce tal, waccan ta ce ɗas, kowane huji da muryarsa. Ɗaki cike da mutane, kowa ya kasa kunne. Can aka ɓarke da tafi. Daɗi ya kwashe Abdulaye har hularsa ta karkace, ya shiga tafi ya fi kowa, yana dariya shi kaɗai.

Wani dattijo mai tabarau ya sunkuya yana duba gefen tukunya, ya tambayi na kusa da shi ko wane maƙeri ne ya yi su. Aka ce ba a rubuta ba.

Abdulaye ya kutsa ya kama hannun dattijon, ya ɗora masa yatsa a wurin da ya kankare.

"Alhaji, taɓa nan. Nan sunana yake. Wallahi ni na yi hujin nan."

Dattijon ya shafa, ya ji sumul, ya yi masa murmushi ya wuce tukunya ta gaba.