Jajayen ƙyallaye a aljihun Baba

Jama'a, jiya saura ƙiris in mutu a duwatsun Droum.

Tseren gudu ne na kilomita sittin, hawa da gangara, cikin zafin bazarar nan. Masu shirya shi sun ɗaɗɗaura jajayen ƙyallaye a itatuwa, su muke bi. Wajen azahar sai ƙyallaye suka ɓace! Ba ko ɗigon ruwa a bidona, maƙogwaro ya bushe. Na yi ta kewaya dutse ɗaya har na fara kalmar shahada.

Can na hango wani dattijo yana sharar gona, aljihunsa cike da ƙyallayenmu.

Na ce, "Baba, kai ka kwance su?"

Ya ce, "Ni ne. Haka masu lotisma suka yi wa maƙwabcina: yau ƙyalle, gobe an yanka gona filaye. Wannan kuwa ta kakana ce."

Na ce masa gudu kawai muke yi.

"A ranar nan? Wa ya koro ku?"

"Ba kowa, Baba."

Ya yi salati, ya miƙo mini gorarsa. "Akwai wasu a bayanka?"

"Da yawa."

Wallahi tsohon nan ya yar da manjagara, ya hau dutsen da gudu yana mayar da ƙyallayen. Ni mai takalmin tsere ban iya kamo shi ba.

An sha wahalar shirya tseren, amma ba wanda ya tuna ya je ya gaida masu gonakin. Ku laifin wa kuka gani?