Ɗan Amshin da Na Bar wa Muryoyin Tsofaffi

A daminar da na koma ƙauyenmu kusa da Damazin, aikin da ya rage a hannuna shi ne na muryoyi. Shekarun da na yi ina fassara labarai a gidan rediyo, duk hutun da na samu nakan zaga ƙauyukan Hausawa na bakin kogi da rikoda, ina ɗaukar hirar tsofaffi: yadda kakanninsu suka taso daga yamma, yadda ake ban ruwa, sunayen ciyayin da yaranmu yanzu sai da Larabci suka san su. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, har da mahaifiyata. Rikodar da faifan da na ajiye muryoyin a ciki duka sun tsaya a Khartum ranar da yaƙi ya fito da mu daga mu sai kayan jikinmu. Kwafi ɗaya ne ya tsira, wanda na taɓa ɗorawa a kan wata kwamfutar haya a wata ƙasa, wadda ake shiga ta intanet.

Ina so in tace sautin, in yanka shi gunduwa-gunduwa, in haɗa kowace hira da rubutunta. Ni ba gwanin manhaja ba ne, don haka na sa ma'aikatan ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda kake gaya wa abin da kake so, su rubuta umarnin da kansu su gwada. Suna aiki a baƙin allon waccan kwamfutar, cikin wata manhaja mai raba allo taga-taga, kowane da tagarsa. Amfaninta shi ne ko intanet ya yanke, tagogin ba sa rufuwa. In ka dawo, sai ka same su yadda ka bar su.

Sai dai ma'aikatan suna da ladabi fiye da kima. Kafin su zartar da kowane umarni sai sun tsaya sun nemi izini. Mu kuwa intanet sai a kasuwa, a shagon wani mai farantin tauraron ɗan'adam da ke kunnawa gwargwadon ƙarfin rana. Sau da yawa nakan dawo washegari in tarar tun ina bakin ƙofar shagon suka tsaya, suna jiran in ce eh. Da abin ya ishe ni, na haɗa wata 'yar ƙaramar manhaja da na sa wa suna ɗan amshi. Aikinsa ya leƙa tagar, in ya ga tambayar neman izini, ya danna eh a madadina. Aiki ya kama gudu. Na ji kaina wani injiniya.

Ana haka aka yi haihuwa a gidan ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, a wani ƙauye kudu da mu. Ranar suna na leƙa shagon da safe kafin in hau mota. Ma'aikacin da ke tace sauti ya rubuta cewa wurin ajiya ya kusa cika. Na karanta, na ce zan duba in na dawo da yamma.

Bayan raɗin suna ruwa ya sauko. Wanda ya san baƙar lakar ƙasarmu ya san sauran bayanin: ba mota, ba raksha mai ƙafa uku, jaki ma sai ya yi shawara da ƙafafunsa. Ina zaune a rumfa ina kallon ruwa yana cika tsakar gida, sai lissafin ya haɗu a kaina. In wuri ya cika, ma'aikacin zai nemi sarari. Manyan fayiloli a wurin su ne muryoyin asali. Zai nemi izinin gogewa da irin tambayar da yake neman izinin komai, shi kuwa ɗan amshi ba ya karanta umarni, tambayar kawai yake gani.

Inna ta ajiye mini jabana, gahawar ƙasarmu, ta dube ni.

"Mi ya same ka, ya waladi, ɗana? Ka yi fuska awa wanda tunkiya ta ci wa gurasar kisira."

Na yi mata bayani iya ƙoƙarina. Na ce ina da ma'aikata a cikin kwamfuta, na kuma bar musu wani mai amsa musu da eh ga duk abin da suka tambaya.

"Ga komi da komi?"

"Ga komai, Inna."

"To ai wannan sabon suruki ne. Ko ka ce mai rana daga yamma taka hitowa, sai ya ce gaskiya ne, Baba." Ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Sai ta tsaya. "Muryar Yaya tana ciki?"

Na ce tana ciki.

Ba ta sake tsokanata ba sai washegari. Ta iske ni a kan tudun da ke bayan gidanta, na ɗaga waya sama ina neman sigina, ta ce in na gama nuna wa Allah wayar in sauko a ci tuwon asida.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su kamar mai jiran sakamakon asibiti. Nakan ce wataƙila wurin bai cika ba. Sai in tuna girman hirar wani tsohon masunci da ya yi mini magana tun hantsi har azahar, in san ya cika. Na taya maza gyara katangar da ruwa ya zubar, na ɗauki jaririyar, na amsa gaisuwa yadda ya kamata. Horon gidan rediyo ne: murya daidai, ko me ake ciki.

Da ƙasa ta ɗan tsane, wata tarakta ta fito za ta kasuwarmu, na samu wuri a kanta. Inna ta raka ni bakin hanya. Ta ce, "In ka iske muryar ta tai, kada ka ɓoye min. Ni na san muryar a kaina. Kai nika tausayi."

Na isa shagon da laka har gwiwa. Mai shagon ya ce, "Ustaz, daga gona ko daga cikin rijiya?" Na shiga kwamfutar hayar, na buɗe tagogin.

Tambayar tana nan a tagar sauti, ita ce ta farko da aka yi bayan tafiyata. Ma'aikacin ya bayyana cewa wuri ya cika, ya kawo umarnin goge babban kundin muryoyin asali, ya nemi izini. A ƙarƙashinta ba komai sai alamar rubutu tana ƙyaftawa. Na duba kundin. Kowane fayil yana wurinsa.

Na daɗe kafin in gane dalili. Ɗan amshi yana leƙa tagar ne da sunanta, amma yana aika amsa da lambarta. A safiyar tafiyata na rufe wata taga da aikinta ya ƙare, sai lambobin suka matsa, lambar tagar sauti ta koma kan wata tagar da ba kowa a cikinta. Na buɗe ta. Daga sama har ƙasa eh ne a jere, shafi bayan shafi, kowanne da amsar kwamfuta a gabansa cewa ba ta san wannan umarni ba. Duk kwanakin nan bawan Allah yana ta ba da izinin hallaka ni ga ɗakin da ba kowa.

Na yi dariyar da ta sa masu kiran 'yan'uwansu a Saudiyya suka waigo. Daga nan na tsayar da ɗan amshi, na koma tagar sauti, na danna a'a da yatsana. Na rubuta wa ma'aikacin cewa kundin asali ba a taɓa shi, na kuma kulle kundin ta yadda ko ya so ba zai iya ba. Daga baya na sake gina ɗan amshi, ya koyi karanta umarni kafin ya amsa, duk abin da ya shafi gogewa kuma ya bar mini.

Amma a ranar, abin da na fara yi shi ne sauko da fayil ɗin mahaifiyata zuwa wayata. Ya ɗauki lokaci, farantin yana ja kamar rijiyar rani. Da ya kammala na sa abin sauraro a kunne. A cikin hirar, kafin ta fara magana ta yi gyaran murya, ta kori kaza, sannan ta tambaye ni ko abin ya fara ɗauka.