Bindigar da Na Sayo Don Kada In Ba da Haƙuri

Ni ne da laifi, kuma ba na son kowa ya rage mini shi. Shekaru sun yi nisa, haƙorana sun zube, sunayen mutane da yawa sun fice mini daga kai, amma abin da ya shiga tsakanina da wata tsohuwa maƙwabciyata a wani watan azumi ba zai bar zuciyata ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Sai dai in faɗa tun yanzu, ba son bindiga nake tuba a kai ba. Har gobe ina son harbin alama, duk wanda ya ce aikin banza ne ya zo mu zauna. Laifina daban ne.

A lokacin babban yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba. Muna zaune a Makka, a ƙarshen unguwar Mansur, inda gidaje suka ƙare dutse ya fara. Gidajenmu, mu da ake kira Takari, garewanin kananzir ne da aka fasa aka miƙe aka kafa a jikin itace. In maƙwabcinka ya yi tari, kai ne za ka fara ce masa sannu kafin matarsa. Aikina gadin wata gonar dabino ne can wajen iyakar Harami, kuma mai gonar ya ba ni tsohuwar bindigar albarushi, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Ɓarayi ba su cika zuwa ba, don haka na koya wa kaina harbin gwangwani a kan dutse. Na ƙware, na kuma san na ƙware, wannan shi ne mafarin matsalar.

Bayan katangar gidana akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Daga ƙasar Katsina ta taso da ƙafa, ta ratso Chadi da Sudan, mijinta ya rasu a hanya, idanunta kuma suka mutu bayan ta ga Ka'aba. Takan ce ba ta yi asara ba, sun ga abin da suka zo gani. 'Yarta ɗaya ke riƙe da ita. A watan azumi 'yar tata da matata sukan ɗauki waina da kunu tun la'asar su tafi hanyar Harami su sayar wa masu buɗa-baki, ba sa dawowa sai bayan asham. Kafin su fita za su aje wa Iya tulun ruwa da dabino kusa da tabarmarta.

A Makka kuwa ba a shan ruwa sai an ji igwa. Daga kan dutse ake harba ta in rana ta faɗi, Larabawa na ce mata midfa. A lungunmu kiran salla ba ya isowa, dutse ya tare, maza kuma duk sun gangara Harami. Mai ido zai iya duban sama. Iya kunnenta kaɗai gare ta.

Wata rana a farkon azumin na kawo bindigar gida don in gyara kunamarta. Albarushi ya daɗe a cikinta, kuma hanya mafi sauƙi ta fitar da shi ita ce a harba. Da na yi hankali da na jira na koma gona. Amma na ga wani gwangwanin madara a kan dutsen bayan gida, rana ta yi ja tana haska shi, hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na saita, na ja kunama. Ƙarar ta bugi dutse ta dawo ta kaɗa garewanin unguwar gaba ɗaya. Gwangwanin ya tashi sama. Ina cikin murmushi sai na ji murya ta bayan katanga tana bismilla, sannan ƙarar ruwa yana gangarawa a maƙogwaro. Na ɗaga kai, ga rana nan zaune a kan dutse ba ta faɗi ba.

Can an jima igwar gaskiya ta tashi. Na ji Iya ta ce, "Innalillahi. To waccan ta farko fa?"

Washegari umda, wato mai unguwarmu, ya aiko kirana. Wani dattijo ne haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce, "Ya walad, kanka ɗaya? Harbi a Makka, cikin azumi? In askar suka ji, ba kai kaɗai za a kwashe ba. Yau ɗin nan bindigar ta koma gona, halas. Sannan ka je ka durƙusa wa tsohuwar nan."

Bindiga kam na mayar a ranar, don ina tsoron askar, wato 'yan sandan garin. Durƙuson ne ya gagara. Malamin unguwa ya riga ya ce Iya ba ta da zunubi, rana ɗaya za ta rama bayan salla, ni kuwa na riƙe wannan maganar kamar garkuwa. Ga kuma samari sun laƙaba mini suna Igwar Mansur, in na wuce sai su ce, "A sha ruwa, ga shi nan tafe!" Raina ya ɓaci. Da na zo ƙofar Iya, maimakon sallama sai na tsaya a waje na ɗaga murya don kowa ya ji.

Na ce, "Wai ni za a ce in ba da haƙuri? Ni na ɗura wa wani ruwa a baki? Wanda bai san bambancin igwa da bindiga ba ya tuhumi kunnensa. Gidana ne, dutsen Allah ne, in na ga dama gobe ma in harba!"

Daga ciki ta amsa, murya a kwance, "Na ji ka, ɗan nan. Kunnen da ka raina ya ji ka sarai."

Wannan maganar tawa, "in na ga dama gobe ma in harba," ban ɗauke ta komai ba. Cika baki ne kawai na wanda aka kunyata.

Ba a jima ba mai gona ya aike ni Jidda da kayan dabino. A wani kanti na Ba'indiye kusa da bakin teku na ga bindigar da ban taɓa ganin irinta ba. Ba ta cin albarushi. Karya ta ake yi a tsakiya kamar gwiwa, a sa ƙwayar dalma da ba ta wuce ƙwayar dawa ba, a miƙe ta, iska ce ke tura ƙwayar. Ba'indiyen ya harba a cikin kantin, sai na ji fat, kamar an buga takalmi a ƙasa. Ba hayaƙi, ba wari, ba ta ture kafaɗa. Nan take na ce a raina, ga amsata. Ƙara suka ce ba sa so, to ga wadda ba ta da ƙara, sai in ga bakin da zai sake magana.

Na zo da ita gida a naɗe cikin buhu. Na cika wani buhun da yashi na jingina a jikin dutse don ya riƙa kama ƙwayar, na jera gwangwanaye a gabansa. Gaskiya na ji daɗinta, ba zan ɓoye ba. Bindigar albarushi ƙara ce da tsoro, wannan kuwa natsuwa take so: ka riƙe numfashi, ka ja kunama a hankali kamar kana zare ƙaya. Daga gwangwani na koma murfin kwalba, daga nan na koma ƙwallon dabino. Tunda na daina gangarawa Harami buɗa-baki saboda tsokanar samari, kullum yamma ina bayan gida ni kaɗai. In tattabara ta sauka kusa da buhun sai in sauke bindiga in jira ta tashi don kanta, domin tsuntsun Harami ko korarsa ba a yi.

Matata ta gan ni wata rana ina wannan jiran, ta aje tiren wainar da ta ɗauko ta ce, "Malam, ikon Allah. Tattabara kake wa ladabi, tsohuwa kuwa ko sannu ta gagare ka."

Na ce, "Na sauya bindiga saboda ita. Me kuma ake nema a wurina?"

Ta ce, "Saboda ita, ko saboda kanka?" Ta ɗauki tirenta ta fita.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, bindigar da ba ta da ƙara tana barin mutum ya ji abin da ke kewaye da shi. Da yamma unguwa takan yi tsit, sai fat ɗin bindigata da motsin Iya a bayan katanga. Sai na lura da wani abu. In igwa ta tashi, ni ina kai dabino baki, amma daga can ba na jin bismilla, ba na jin tulu. Sai dai in ji ta ce a hankali, "Ita ce, ko shi ne?" Ba za ta sha ba. Sai duhu ya shiga sosai, in Allah ya kawo wani mai wucewa ta bakin lungu, ta ɗaga murya, "Bawan Allah, an sha ruwa?" Wata rana a samu mai amsawa, wata rana sai 'yarta ta dawo. Kuma ba ta taɓa gaya wa 'yar ba, don ita ma tana da nata girman kan.

Ga inda laifina ya fi muni. Na ji wannan ba sau ɗaya ba. Tsakanina da ita gwangwani ne mai kaurin farce. Da na ce, "Iya, igwa ce," da an gama. Amma sai zuciyata ta ce ai in na yi magana na amsa laifi ke nan. Na riƙa cin dabinona ina taunawa a hankali don kada ta ji.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Wanda bai yi bazara a Makka ba ba zai gane ba, duwatsu kan riƙe wuta su riƙa huro ta har bayan faɗuwar rana. A goman ƙarshe aka yi wata rana da iska mai zafi ta wuni tana kaɗawa, har garewanin katanga ba sa taɓuwa. Igwa ta tashi. Na kai ruwa baki, sai na ji muryarta, a shaƙe kamar ana goga itace: "Ba za ka sake cuta ta ba." Na dakata da moɗa a hannu. Jim kaɗan na ji wani abu ya kife, ruwa ya yi ƙara a kan yashi, sannan ba motsi.

Ban san lokacin da na zagaya na faɗa gidan ba sallama ba. Na same ta a kwance gefen tabarma, tulun ya kife, yashi ya shanye ruwan. Leɓɓanta sun tsage. Na ruga na ɗauko nawa tulun, na ɗaga kanta na kai moɗa bakinta. Ta datse haƙora.

Na ce, "Iya, sha. Rana ta faɗi."

Ta ce, "Wa ya ce?"

"Ni ne, maƙwabcinki."

"Kai ne ka ce ranar nan ma."

Har a wannan halin girman kai bai sake ni ba. Bindigar iskar tana rataye a kafaɗata, sai na sa hannunta a kanta. Na ce, "Taɓa ki ji. Wannan nake harbawa yanzu, ba ta da ƙara. Waccan tana gona tun washegarin ranar. Saboda ke na sayo ta."

Ta shafa ƙarfen, ta ture shi. Ta ce, "Na san ta, kullum ina jin fat ɗinta. Amma wa ya gaya mini waccan ta tafi? Abin da ka faɗa a ƙofata shi na riƙe, ka ce in ka ga dama gobe ma ka harba. Kullum ina jiran goben nan." Ta yi numfashi da ƙyar. "Kuma kada ka ce saboda ni ka sayo ta. Ka sayo ta ne don kada ka buɗe baki ka ba ni haƙuri."

Na daɗe a duniya bayan wannan rana, na harba ƙwayar dalma da ba ta ƙirguwa, na koya wa 'ya'yana harbin alama a bayan gida ba tare da mun dami kowa ba. Amma abin da na koya a gaban tabarmar nan ya fi duka: za ka iya sauya kayan da ka yi ɓarna da su, ka sayo mafi kyau, ka daina damun mutane, amma wanda ka cuta yana nan zaune da ƙishirwarsa har sai ka je da bakinka. Ranar azumi ana rama ta. Abin da na ƙwace wa Iya shi ne yarda da kunnenta, shi kaɗai ya rage mata, kuma babu kanti a Jidda da ake sayar da shi.

Na sauke bindigar na aje a ƙasa. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashin, durƙuson da umda ya ce in yi tun farkon wata. Na ce, "Iya, ni na karya miki azumi, ba kunnenki ba. Kunnenki lafiyarsa lau. Na zage ki a ƙofarki, na ji ki kina jira da ƙishirwa na yi shiru ina cin dabino. Na rantse da Ubangijin Ɗakin nan igwa ce ta tashi, rana ta faɗi. In kin yarda, daga yau ni zan riƙa gaya miki ta bayan katanga. Ki yafe mini don Allah."

Sannan ta miƙo hannu tana laluben moɗar.

Na sa mata ita a tafin hannu, na sake cewa, "Ki yafe mini, Iya."