Kifin da Kawu Mika'ilu Ya Kama a Dibba

Kawu Mika'ilu ƙanen mahaifiyata ne, kuma shekararsa goma sha shida a Dubai yana naɗe kayan mutane. In ka taɓa sayen takalma ko jakunkuna a kasuwar Naif ka aika Kano ta kargo, suka iso maka ba ko ƙwarzane, mai yiwuwa ta hannunsa suka bi. A wani sito yake aiki a unguwar Al Quoz. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, kuma ko kwali ɗaya ka ba shi sai ya naɗe shi da salatif kamar za a jefa shi kogi. Abokan aikinsa suna masa tsiya cewa ran da ya mutu ma sai ya tashi ya gyara ɗaurin likkafaninsa.

Amma ba a cikin kwalaye aka haife shi ba. Mu Sarkawa ne, masunta, daga Yauri. Kawu ya iya tuƙa kwalekwale tun kafin ya iya ɗaura wando, kuma a unguwarmu ba a taɓa yin wanda ya kai shi lalube ba, wato nutsewa a zura hannu cikin ramin kifi a zaro shi. Da mahaifina ya rasu ina shekara shida, muka koma gidan kakanni a bakin ruwa, shi ya riƙe ni. Shi ya koya mini iyo, ta hanyar da ya sani: ya jefa ni daga kwalekwale, ya tsaya yana dariya, hannunsa ɗaya a ruwa ko da zan wuce ƙasa. Da kifi ya ja baya a wajenmu, ga iyali, sai ya bi wani ɗan kasuwa zuwa Dubai da niyyar shekara biyu. Har yau shekara biyun ba su cika ba.

Ni Bashar, da na gama jami'a na samu aikin injiniya a wani kamfanin sadarwa a nan, shi ya tarye ni a filin jirgi. Mako uku na kwana a gadonsa a masaukin leburori, shi yana kwana a ƙasa kan kwalaye. Duk wanda ya shigo ɗakin, Bahaushe ne, Ba'indiye ne ko ɗan Bangaladash, sai Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana ne. Injiniya." Da na kama gidan haya a cikin gari, zuwana Al Quoz ya koma daga mako-mako zuwa wata-wata. Ban taɓa gayyatarsa ofishinmu ba, kuma bai taɓa tambaya ba.

A hutun farkon Disamba na bara, abokan aikina suka shirya tafiya Dibba, wani ƙaramin gari a gabar gabas, inda duwatsun hamada suke gangarowa har bakin teku. Tafiyar 'yan jakar goyo ce: kowa ya goya kayansa, a kwana a tanti, da safe a shiga jirgin ruwa a je kallon kifi da gilashin ruwa da bututun numfashi. Mu takwas ne, kuma Hausawa biyu kacal, ni da Murjanatu, wata 'yar Kaduna da na daɗe ina zagaye-zagayen yadda zan faɗa mata abin da ke raina. Ranar Juma'a kafin tafiyar na leƙa wurin Kawu, cikin hira na ba shi labari, na ƙara da cewa, "Kawu, ko za ka zo ne?" Tayi ne kawai, irin wanda ake yi wa mai wucewa in ana cin abinci. Sai na ga idonsa ya yi haske.

"Ruwa na gaske? Wanda mutum zai shiga?" ya ce. "Basharu, shekara goma sha shida ina ganin teku ta tagar bas. Na nan ai na masu otal ne. Yalla, mu je, ƙarfe nawa?"

Na faɗa masa lokacin, ina da-na-sanin tayin da na yi.

Da na je ɗaukarsa, na tarar da shi a bakin titi da jakar Gana-mos-go, an naɗe ta da salatif ta ko'ina. Da muka isa Dibba kowa ya sauko da jakarsa mai launi da igiyoyi, Kawu ya ɗora tasa a ka. A ciki akwai darduma, buta, garin kwaki, ƙuli-ƙuli da wata babbar robar yaji. Da aka zo gabatarwa, na ce wa mutane da Turanci, "Wannan Malam Mika'ilu ne, mutumin garinmu." Ba ƙarya na yi ba, haka na gaya wa kaina. Kawu ya bi su ɗaya-ɗaya yana miƙa hannu biyu.

Garin kuwa ba ruwansa da gaggawa. Awaki suna yawo a bakin masallaci, tsofaffi suna zaune a inuwar jiragen da aka kifa, mai shayi ma sai ya ga dama yake kawo maka. Kawu ya ce nan Yauri ce aka zuba wa gishiri. Shi ya kafa tantuna huɗu kafin mu gama karanta takardar yadda ake kafa ɗaya. Kafin magariba na hango shi zaune da Murjanatu tana cin kwaɗon gari da ƙuli, tana ta dariya, yana ba ta labari da hannu da ƙafa. Ban matsa ba, don na san labarin wa yake bayarwa.

Da safe muka taru a bakin jirgin. Mai jirgin wani tsohon Balarabe ne mai farin gemu, ba ya yawan magana. Mai yi mana jagora kuma wata Baturiya ce, ta tara mu ta yi bayanin dokoki: wurin da za mu je wajen wani dutse a cikin teku wuri ne da hukuma ke karewa, ba a kama komai, ba a taɓa komai, kallo kawai. Lokacin Kawu ya koma gefe yana sallar walaha. Da ya dawo ya tambaye ni, "Me ta ce?" Ina gyara wa Murjanatu igiyar gilashinta, na ce, "Ba komai, Kawu, yadda za a sa wannan ne." Wannan laifin nawa ne daga farko har ƙarshe, kuma na san haka tun a ranar.

Kawu ya juya bututun a hannu, ya leƙa cikinsa, ya mayar. Takalmin iyon nan mai kama da ƙafar agwagwa ma ya ce a bar wa agwagwa. Gilashin kaɗai ya karɓa. Da jirgi ya tsaya, ya yi bisimilla, ya ɗebi ruwan ya shafa a fuska, ya sulale ciki ba ko fantsama.

Ban taɓa ganinsa haka ba tun ina yaro. Mu muna kwance a saman ruwa da rigunan ceto muna huci cikin bututu, shi yana ƙasa, can wajen gindin dutsen, yana juyi tsakanin kifaye masu ruwan ɗorawa da shuɗi. Mutumin da gwiwa ke damunsa in zai hau bas, ga shi yana tafiya kamar ba shi da ƙashi. Ya ɗago sau ɗaya kusa da ni, ya ture gilashin, ya ce, "Basharu, kifin nan ba su san mutum ba! La ilaha illallahu, ko gudu ba sa yi!" Na yi dariya. Ko a lokacin ban gaya masa dokar ba.

Mun koma cikin jirgi ana shan ruwa ana nuna wa juna hotuna, Baturiyar ta ƙirga mu ta ga saura ɗaya. Tana cikin waige-waige sai hannu ya kama gefen jirgin, Kawu ya hauro. A ɗayan hannun yana riƙe da wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo, wanda Larabawa ke kira hamur, tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi, yana ta bugun iska da jela. Da hannu ya zaro shi daga ramin dutse, hannun duk ya kuje yana jini. Ya wuce mu duka, ya durƙusa gaban tsohon, ya ajiye kifin a ƙafarsa. A wajenmu haka ake yi. In ka shiga jirgin wani, kifin farko nasa ne, komai girmansa, kuma sai ya sa masa hannu kafin ka kama naka.

Jirgin ya kaure da hayaniya. Wata abokiyar aikina ta rufe baki ta fara kuka. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Baturiyar fuskarta ta yi ja, tana faɗa tana nuna kifin tana nuna ruwa, tana cewa za a iya hana su zuwa wurin gaba ɗaya saboda wannan. Kawu yana durƙushe, murmushinsa yana raguwa a hankali, yana duban fuskoki yana neman tawa. Sai Baturiyar ta juyo ta ce, "Wa ya zo da mutumin nan? Da wa yake?"

Kowa ya dube ni, har da shugaban sashenmu. Na buɗe baki na ce da Turanci, "Ban san shi sosai ba. Lebura ne daga ƙasarmu, na rage masa hanya ne kawai."

Turancin Kawu na sito ne, bai wuce na lodi da sauke kaya ba. Amma kalmar lebura kullum yana jin ta, kuma "ban san shi ba" ba ta da wuyar ganewa. Na ga lokacin da ta shige shi. Ya sauke ido ya dubi hannunsa mai jini.

Tsohon ne ya raba mu da tsayuwar. Ya kashe injin, ya sunkuya, ya ɗora tafinsa a kan kifin, ya yi wa Kawu magana da Larabci a hankali. Daga baya na ji abin da ya ce: shi ma ɗan masunta ne, ya gane, ya karɓa, Allah ya yi albarka, amma kifin nan wurin na hukuma ne, a mayar da shi. Kawu ya ce, "Halas, shi ke nan." Ya ɗauki kifin ya koma ruwa da shi, ya riƙe shi a ƙirji yana kai shi gaba yana dawo da shi baya har ya farfaɗo, ya buga jela ya nutse. Tsohon ya miƙa masa hannu ya jawo shi, ya zaunar da shi kusa da injin, ya yage ƙyalle ya ɗaure masa ciwon. Baƙon da bai san sunansa ba ne ya yi masa wannan, ni ina zaune ina duban ƙafata.

Murjanatu ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya ta ce da Hausa, "Bashar, ba shi ne jiya ya ce mini shi ya goya ka zuwa makaranta ran da ruwa ya cinye hanya ba?" Ta tashi ta koma gefen Kawu ta zauna, kuma har muka isa gaɓa ba ta sake kallona ba.

A hanyar dawowa Kawu ya buɗe ƙofar baya ya shiga, ya rungume jakarsa a cinya. Na ce, "Kawu, dawo gaba mana." Ya ce, "Nan ma ya yi." Tafiyar awa biyu, ban da karatun da na kunna a rediyo ba abin da aka ji a motar. Na shirya kalmomin ban haƙuri sun fi sau ashirin, ko ɗaya ba ta fito ba. Da muka isa Al Quoz ya ce in sauke shi a bakin babban titi, kada in ɓata mota da ƙurar ciki. Ya leƙo ta taga ya ce, "Na ga ruwa. Allah ya saka da alheri." Da ma zagina ya yi, da na fi samun barci.

Washegari Inna, mahaifiyata, ta kira ni daga Yauri tana ta sa mini albarka. Kawu ya gaya mata na kai shi teku, na ciyar da shi, ya yi iyo har ya gaji. Bai gaya mata sauran ba, har yau kuma bai gaya mata ba.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa. Ranar Lahadi ce, na tarar da su a ɗaki sun kewaye tiren shinkafa da miya. Kawu ya amsa gaisuwata kamar kullum, ya matsa mini wuri. Akwai wani sabon ma'aikaci a cikinsu, Mubashir, dattijo ɗan Gusau, bai taɓa ganina ba. Ya dubi takalmina da agogona ya ce, "Mika'ilu, wannan fa? Wane ne?"

Na jira hannun nan ya sauka a kafaɗata. Shekara biyar ina jin "Ɗana ne, injiniya" har na gaji da ji, ranar kuwa da zan iya saye da na saya. Kawu ya ci gaba da gutsurar nama, ya ce, "Ga shi nan ai. Ya faɗa maka da bakinsa."

Na ce, "Kawuna ne. Ƙanen mahaifiyata. Shi ya raine ni, shi ya koya mini iyo." Na ƙara da ƙarfi, "Ubana ne."

Kawu ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya turo mini tiren.

"A nan ai da sauƙin faɗa, Basharu," ya ce. "Wanke hannu ka ci."