Kasuwar da Ba Ta da Sarki

Ƙamshinta ne ke riga ta isowa rumfar mai gyaran waya a kasuwar Daura, turaren wuta da humra sun kama mayafinta. Doguwa ce, yatsunta duk tabon garwashi, da su take dangwarar da waya a kan tebur.

"Hajiya, wayarki lafiya lau take," in ji mai gyara. "Shafin da kike tallar turare a intanet aka rufe."

"Wa ya rufe? Da izinin wa?"

Shi dai sai watsa hannuwa yake. Ita kuwa huci take, mayafi na zamewa ba ta kula. Da gani ta daɗe tana tara masu saye a shafin nan, amare daga Sandamu har Mai'adua, ba ta ajiye lambar ko ɗaya ba. Don me? Ai kullum suna nan.

"To, kai ni wurin sarkin kasuwarsu! Ko rumfar kara aka rushe maka, akwai wanda za ka kai wa kuka."

"Hajiya, wannan kasuwar ba ta da sarki."

Ta fizge wayar tana jujjuya ta gaba da baya, tana neman ƙofar da za ta buga.